Kada Ki Sa Sunana

Ina da wani ɗan hali da ban taɓa ƙoƙarin gyarawa ba. Idan aka miƙo mini abin da nake so, sai na ce a'a sau biyu, a na uku in karɓa da fuskar wanda aka fi ƙarfinsa. Haka aka tarbiyyantar da mu. Ƙarin nama a gidan surukai, kujerar gaba a wajen biki, ragin hanya a motar aboki, duk sai an yi wannan 'yar ja-in-ja kafin a daidaita. Na yi shekara hamsin da huɗu a Legas ina wannan salon ban taɓa yin asara ba, saboda kowa ya san dokar wasan. Sai da Allah ya haɗa ni da yaran yanzu, masu yin tayi sau ɗaya tak, kamar mai tambayar ƙarfe nawa.

Keji 'yar ƙanwata ce. Litinin zuwa Juma'a tana zaune a wani kamfani da abin sauraro a kunne, mutane suna zaginta ta waya kan laifin da ba ita ta yi ba. Albashin shan zagin nan, maimakon ta tara kamar mai hankali, sai ta ce fim za ta yi da shi. Ba ma fim na sinima ba, wai wasan barkwanci ne kashi shida, minti goma-goma, da za a riƙa sakawa a intanet kyauta. Ba gidan talabijin a bayanta, ba attajiri, ba kowa sai aljihunta. Sunan wasan "Katifa Ɗaya", labarin matasa uku da ke haya a ɗaki guda a Shomolu.

Wata Asabar ta zo gidana a Bariga, ta yi mini irin durƙuson nan nasu wanda gwiwa ba ta ma san an yi ba.

"Dadi, taimako nake nema. Wasan namu da Yarbanci ne da Turancin buroka. Muna so a rubuta Turanci a ƙasan hoton saboda na waje. Momi ta ce duk danginmu ba mai Turancinku."

Uwar tata ba ta yi ƙarya ba. Shekara ashirin da shida na yi ina koyar da Turanci a sakandare kafin in ajiye alli. Ina kuma da wasan kwaikwayo nawa na kaina a cikin akwati, fitowa biyar, kan faɗuwar tsohuwar daular Oyo, wanda har yau ba wanda ya karanta shi sai kyankyasai, su ma a shafi na tara suka tsaya.

Na ce wa Keji ba ni da lokaci. Ta ce to, ta miƙe ta tafi. Da na gane abin tun a ranar, da na huta. Amma da yamma uwarta, wadda ta san doka, ta bugo mini waya sau biyu, aka cika uku, na amince.

Asabar ta gaba na je in ga abin da zan fassara. Ɗakin da suke ɗaukar fim ɗin shi ne ɗakin da 'yan wasan suke kwana da gaske, katifar ita ce katifarsu, bokitin ma nasu ne. Na rasa inda wasan kwaikwayon yake. Akwai Gbenro, dogo mai gemu kamar na akuya, wanda ya karanta ilimin tsirrai yanzu yake sayar da rigar waya a gada. Akwai Dubem, gajere mai murya uku. Sai Tejiri 'yar Warri, wadda a labarin ta zo kwana biyu don neman aiki ta shekara, kuma da na bincika a zahiri ma kusan haka ne.

Kyamararsu waya ce da gilashinta ya tsage. Makirufo an sa masa safa an ɗaure a sandar goge ƙasa. Fitilar kuwa ta wata mai kwalliyar amare ce a ƙasan bene, ƙarfe huɗu take zuwa ta karɓi abinta ko an gama ko ba a gama ba. Bayan taga akwai coci mai lasifika biyu, don haka a tsakanin numfashin fasto ake ɗaukar magana.

Gbenro ya taɓa ƙasa da yatsa ɗaya, wai shi ya zube ya gaishe ni.

"Sannu da zuwa, Sa. Ku zauna a kan bokitin, kujerar tana cikin hoto."

"Ina rubutun wasan?" na tambaya.

"Yana kanmu, Sa."

"Na ga alama akwai fili."

Tejiri ta fashe da dariya. "Baban nan zai yi daɗin zama. Baba, ku ci gaba, kullum ni kaɗai ke faɗa masa."

"Shiru!" in ji Keji. "Fasto ya tsaya shan ruwa. Dubem, shiga!"

Dubem ya shigo da tukunya, ya buɗe, ya kurma ihu yana tambayar wane ɗan iska ya cinye masa nama. Gbenro ya rantse da kabarin kakarsa, alhali mai na sheƙi a gemunsa. Tejiri ta ja tsaki mai tsawon layin mai. Shi ke nan, wai an gama fitowa ɗaya. Sau goma sha ɗaya suka maimaita, naman kuwa guda ne, ana mayar da shi tukunya bayan kowace ɗauka, har sai da Dubem ya haɗiye shi bisa kuskure a ta tara, aka ƙarasa da soso.

Da zan tafi Keji ta rako ni bakin titi.

"Dadi, za mu sa ku a jerin sunayen ƙarshe, wajen waɗanda suka yi aiki."

Zuciyata ta ɗan motsa, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa ganin sunana a buge ba sai a takardar kuɗin wuta. Na gyara tsayuwa.

"Kada ki kuskura ki sa sunana a wannan shirmen."

"To, Dadi."

Na tsaya ina jiran na biyu. Ta tare mini Keke Napep, ta faɗa wa direba inda zai sauke ni, ta koma ciki a guje don huɗu ta kusa.

Na zauna da bidiyon kashi na farko a teburina, na kalla sau uku, na yanke shawara cewa idan ba zan iya gyara abin da ke fita daga bakinsu ba, zan iya gyara abin da duniya za ta karanta. Ba zai yiwu wani a Landan ya ɗauka haka Yarbawa suke magana ba. Inda Dubem ya ce wane ɗan iska ya cinye masa nama, na rubuta da Turanci irin na littattafan da suka rene ni: "Wane ma'abocin ha'inci ne ya keta alfarmar tukunyata, ya raba ni da abin da na tanada domin maraicen rayuwata?" Rantsuwar Gbenro ta zama: "Ina kiran magabatana su yi shaida a kan tsarkin hannuwana." Tsakin Tejiri ya ba ni wahala, don Bature ba shi da tsaki. Bayan nazari na rubuta: "Ina mai bayyana rashin gamsuwata."

Keji ba ta karanta ba. A hutun cin abincin rana take haɗa fim ɗin a ofis, tana manna rubutun da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da burodi da wake.

Kashi na farko ya fita, dangi suka kalla. Kashi na biyu, rabin dangin suka kalla. Na samu natsuwa irin ta mutumin da hasashensa ya tabbata, na ma gode wa Allah da sunana ba ya wurin.

A kashi na uku wani mara aikin yi ya ɗauki hoton fuskar Tejiri, baki a murguɗe tana tsaki, da rubutuna a ƙasa, ya watsa. Cikin kwana huɗu mutanen da suka kalli "Katifa Ɗaya" sun fi duk ɗaliban da na koyar a rayuwata, har da waɗanda suka maimaita aji. Suka koma kashi na ɗaya da na biyu suna tono jimlolina ɗaya bayan ɗaya. Na sa tabarau na bi sharhin da suke rubutawa a ƙasa, wanda babu waƙafi ko ɗaya a cikinsa.

"wanda ya rubuta fassarar nan a ba shi sarauta"

"na kashe sautin ina karatu kawai cikina ya ƙulle"

"wannan inji ne ba mutum ba"

"inji ba ya hauka haka wannan mutum ne kuma yana da ciwo a rai"

Na san dariya suke yi. Ni ba wawa ba ne, ko in ce ba kullum ba. Amma shekara ashirin da shida ina tsaye gaban allo ina roƙon yara su karanta sakin layi ɗaya, ga shi yau mutane suna tsayar da bidiyo don kada wata kalmata ta wuce su. Ran nan a cikin motar haya ta danfo wata mata ta ba kwandasta tsohuwar takardar kuɗi duk ta yage, ya ɗaga ta sama ya ce da Turanci, "Madam, ina mai bayyana rashin gamsuwata." Motar gaba ɗaya ta ɗauki dariya. Ina zaune a kan injin, cinyata na gasuwa, na ji kamar in miƙe in ce ni ne. Da na miƙe da na buga kaina da rufi, kuma da me zan tabbatar?

Sai na fara zagaye. Da Keji ta kawo kashi na huɗu na ce, kamar ba da wata manufa ba, "Na ga mutane suna tambayar wanda ke fassara."

"Wallahi Dadi, sun dame mu. Na ce musu mai shi ba ya so a san shi."

"Haka ne. Ba na so."

"Shi ya sa."

A kashi na biyar na tsayar da jerin sunayen a gabanta. "Har mai ba ku aron fitila na ga an sa."

"Ai ita ta ce a sa, Dadi. Har da lambar wayarta."

"Wasu mutane ba su da kunya."

"Gaskiya ne, Dadi."

Yarinyar nan ko dai ba ta da wayo ko kaɗan, ko kuma ta fi ni.

Abin da ya fasa mini haƙuri shi ne rediyo. Wata tasha ta gayyaci 'yan wasan hira da safe, ina shan koko na ji mai gabatarwa yana tambayar wa ke rubuta Turancin nan da ya tada gari. Sai na ji muryar Gbenro, mai sayar da rigar waya, yana cewa, "To, ka san aikin haɗin gwiwa ne, amma ni tun ina yaro ina son manyan kalmomi." Yaron da na taɓa ganin saƙonsa ya rubuta sunan watan Fabrairu da kuskure biyu. Kokon ya koma mini kamar ruwan wanki.

Kashi na shida shi ne na ƙarshe, don albashin Keji iyakar inda ya kai ke nan. Idan sunana bai hau wannan ba, ba zai hau komai ba, Gbenro zai tafi da ma'abocin ha'incina har kabarinsa. Da ta turo bidiyon sai na ce bayana yana ciwo. Bayan kwana uku na ce idona. Sun riga sun sanar cewa ranar Lahadi za a fitar, har sun kama gidan kallon ƙwallo a Bariga don a haska wa jama'a da yamma. Ranar Alhamis suka zo gidana, Keji da Tejiri, da man zafi da lemo.

"Dadi, ko mu kai ku asibiti?"

"Ba sai an je ba. Tsufa ne. Mutum yana aiki, yana aiki, ba wanda ya san yana yi, sai jiki ya gaji."

"Ku sha lemon, zai taimaka."

Tejiri ta dube ni, ta dubi Keji, ta ja tsakin nan da na yi wa suna a duniya.

"Keji, ke fa wani lokaci kanki kamar garin rogon da ba a jiƙa ba. Baba ba bayansa ke ciwo ba. Sunansa yake so a sa."

"A'a! Dadi da bakinsu suka ce kada a sa."

"Baba, ku faɗi gaskiya ku ba shaiɗan kunya, muna da wanki a gida. Kuna so ko ba kwa so?"

Haka ake tambayar dattijo a Warri, ashe. Na duba ko'ina a ɗakin ban ga ƙofar fita daga tambayar ba. Wannan tayi ne na biyu, bisa doka saura ɗaya, amma na kalli fuskokinsu na gane na uku ba zai zo ba har tashin duniya.

"Ina so," na ce. Muryar da ta fito ban san ta ba, irin ta ɗalibin da aka kama da takarda a cikin safa.

Keji ta zube, wannan karon gwiwa biyu har ƙasa. "Dadi, ku yafe mini. Wallahi na ɗauka da gaske kuke. Zan sa ku ku kaɗai a allo guda, da manyan baƙaƙe, ba a cikin jeri ba."

"Ba sai an yi manya ba."

"To, ƙanana."

"Ki yi manyan," na ce da sauri. Ina koyo.

Bayana ya warke nan take. Na zuba duk abin da na sani a kashi na shida. Akwai inda mai gida ya zo korarsu, Dubem ya ce masa kawai "Haba, Baba!" Na ba shi layi uku, har da ambaton rahama da gajartar zaman duniya.

Daga nan na aikata abin da har yanzu in na tuna nake rufe ido. Na gayyaci mutane. Na kira tsofaffin abokan aikina biyu, na kuma kira Misis Oyewole, wadda aka ba mataimakiyar shugaban makaranta a shekarar da kowa ya san ni ya kamata a ba, wadda ta taɓa ce mini a ɗakin malamai wai Turancina ya mutu tare da Sarauniyar Ingila da ta gabata. Ban faɗa musu dalili ba, na ce dai su zo su ga wani abu. Na sa agbadata, babbar rigar da nake zuwa jana'izar manya da ita.

Ƙarfe huɗu na yammar Lahadi gidan kallon ya cika, benci har waje, janareto yana ta kuka a baya. Aka fara. Ban ji ko kalma ɗaya daga bakin 'yan wasan ba, don jama'a da ƙarfi suke karanta rubutuna, baki ɗaya, kamar addu'ar safe a makaranta. Da aka zo layi ukun Dubem wani saurayi ya faɗo daga benci. Misis Oyewole tana rufe baki da hankici, kafaɗunta na rawa.

"Wane mahaukaci ne yake rubuta wannan?" ta ce mini.

"Ki jira ƙarshe," na ce, ina gyara hannun agbada.

Labarin ya ƙare yadda ya fara, su uku a kan katifa, sai dai yanzu a bakin titi. Kiɗa ya tashi. Sunan Keji ya wuce, na 'yan wasa, na mai fitila da lambar wayarta. Sai allon ya yi baƙi, manyan baƙaƙe farare suka fito su kaɗai, suka tsaya.

FASSARA: DADI BARIGA

Wurin ya kaure da tafi da fito. Wani ya yi ihu, "Dadi Bariga, Allah ya ƙara maka ciwon!" Wani dattijo a gabana, wanda ban taɓa gani ba, abokansa suka hau dukan bayansa suna cewa ashe kai ne, shi kuma yana murmushi bai musa ba.

"Dadi Bariga," in ji Misis Oyewole. "Mijin ƙanwata ma haka yaran gidansu ke ce masa. To me ka ce mu jira mu gani?"

Na ce ina zuwa. Na samu Keji a waje kusa da mai gasa masara, ana ta rungumarta. Da ta gan ni ta taho da murna.

"Dadi, kun gani? Daƙiƙa biyar cur na ba ku!"

"Me kika rubuta a wurin?"

"Ku ne mana."

"Wannan ne sunana? Kin san yawan masu amsa Dadi a Bariga? Ga wani can yana karɓar gaisuwata."

Murnar ta sauka daga fuskarta. Ta shiga murza gefen rigarta.

"Na tambayi Momi. Ta ce ita tun da aka haife ta bakinta bai taɓa kama sunan yayanta ba, ba za ta fara yau ba. Ta ce in na kuskura na sa shi tsirara a gaban duniya, 'yan yara suna karantawa da ƙarfi, kada in sake taka mata gida. Ku kuma na ji nauyin in tambaye ku."

"Ki tambaye ni me?"

Ta sunkuyar da kai. Mai masara ta juya masararta.

Ni na zaɓa wa yarinyar nan sunan Morenikeji, wanda aka gajarce ya koma Keji, ranar da ta kwana takwas a duniya, ni na miƙe na faɗa wa jama'a shi. Shekararta ashirin da bakwai yanzu. Ba ta san sunana ba.